Amsa ga Malamar da ɗalibanta suka ƙi yarda da gwaji

Malama sannu da haƙuri. Wannan da kika ce kin saki babban dutse da ƙarami daga saman bene sun dira tare amma yaran SS1 suka dage wai mai nauyin ne ya riga, wallahi ni ma shi ya kusa sa ni ajiye alli. Nawa yaran cewa suka yi na yi musu wayo na riga sakin ƙaramin, wani ya ce ai benen ne ba shi da tsawo. Waɗanda suka fi damuna masu yin shiru, su rubuta miki daidai a jarrabawa amma a zuci suna nan kan bakansu. Ba a Kano kaɗai ba ne, tun 1993 masu bincike Chinn da Brewer suka lissafa hanyoyi bakwai da mutum ke bi in hujja ta saɓa masa, guda ɗaya ce kawai sauya ra'ayi gaba ɗaya.

Amma yara ba su ƙona min rai kamar wani abokin aikina ba. Ina nuna musu bidiyon ɗan sama jannati David Scott na 1971, inda ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata suka faɗi tare saboda babu iskar da za ta tare gashin, kawai bawan Allahn nan ya leƙo ta taga ya ce ai wannan fim ne na Turawa, gaban yara fa! Aji ya kaure da tafi. Ni da na kwana ina cajin waya, na sayi data da kuɗina. Malami ne fa, mai digiri, ko ya jira mu haɗu a ofis ya faɗa min, a'a sai gaban yara. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Ki daina sakin dutsen da hannunki, ki ba wanda ya fi kowa gardama ya saki. Kafin nan kowa ya rubuta abin da yake zato a takarda, don in ba haka ba sai su ce dama haka suka ce. Ki ba su fallen takarda biyu, ɗaya a buɗe ɗaya a dunƙule, nauyi ɗaya amma dunƙulalliyar ta riga, su faɗa miki dalili da bakinsu. Kuma don Allah kar ki yi musu dariya, yaron da ya ce mangwaro ke kawo maleriya daga bakin kakarsa ya ji, ba zai ƙaryata ta a darasi ɗaya ba. Ki sake gwajin bayan sati biyu, kuma ki fara jin ra'ayin malaman da ke shiga ajin bayanki.