Bangon tsohon gidan dutse yana zubar da gari: in yaɓe shi da siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune kusa da garin Tours a Faransa, kuma surukaina sun gaji wani tsohon gidan dutse a ƙauye, ba nisa da gidan sarautar Azay-le-Rideau. Ƙasan bangon yana jiƙe, dutsen yana zubar da gari idan an taɓa shi, har ina tsoron ya rufta. Wani magini ya ce a yaɓe shi da siminti a huta. Yaya gidan sarautar da ke tsakiyar ruwa yake tsaye, namu kuma yana lalacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, bango mai kauri irin na gidajen yankin nan ba ya ruftawa don fuskarsa ta fara gari. Abin da zai iya kai shi ga haka shi ne shawarar da aka ba ka.

Gilles Berthelot, ma'ajin Sarki François na Ɗaya, shi ya gina Azay-le-Rideau tsakanin 1518 da 1527 a kan wani tsibiri a kogin Indre, matarsa Philippe Lesbahy kuma ita ta tsaya a kan aikin. An kafa harsashinsa a kan turakun itace da aka buga cikin laka. Berthelot bai mori gidan ba, domin ya gudu bayan an kashe ɗan'uwansa Semblançay, babban mai kula da kuɗin sarki, a 1527, sarki ya ƙwace gidan. Gwamnati ta saye shi a 1905. Dutsen da aka gina shi da shi shi ne tufo, farin dutsen nan mai laushi na kwarin Loire, kuma bisa ga bayaninka da shi aka gina gidanku.

Tufo cike yake da ƙananan ramuka, yana tsotsar ruwa da yawa, yana kuma fitar da shi idan ya samu iska. Magina na dā sun san haka, shi ya sa suke haɗa duwatsun da kwaɓin farar ƙasa (wato lime, wadda ake samu daga ƙona dutse) da yashi, wanda ya fi dutsen laushi, ta yadda danshi da gishirin da yake ɗauke da shi za su fita ta layin kwaɓin. Kwaɓin ne yake lalacewa, a kankare shi a sake sabo, dutsen ya tsira.

Siminti yana juya wannan tsari gaba ɗaya, kuma kusan kullum sai na ci karo da wanda ya yi imani cewa duk abin da ya fi ƙarfi ya fi kyau ga bango. Idan ka yaɓa siminti a kan tufo, ruwan da ke hawowa daga ƙasa ba zai daina hawowa ba, sai dai ya rasa mafita, ya ƙara yin sama, ya taru a bayan yaɓen. Da sanyin hunturu sai ya daskare ya kumbura, gishirin kuma ya bushe a cikin jikin dutsen maimakon a fuskarsa. Daga waje bangon zai yi sumul har mai gida ya yi ta godiya ga magini, a ciki kuwa dutsen yana zama gari, kuma ranar da yaɓen ya ɓalle zai tafi da fuskar dutsen. Idan danshin ya kai kan azarar da ke shige cikin bango, a nan ne batun rufta zai taso da gaske. Duk wanda ya ga abin da yaɓen siminti yake yi wa tsofaffin gidajen tubali a Kano ko Zariya ko Agadas ya san wannan ciwon. Mai ba da irin wannan shawara ya karɓi kuɗinsa ya tafi, lokacin da ɓarnar za ta bayyana ba za ka same shi ba.

Haka nan kada ka yarda a wanke bangon da injin feshin ruwa mai ƙarfi ko na yashi, domin tufo yana yi wa kansa wani siririn ɓawo mai tauri da ke kare shi, idan aka kankare shi an buɗe wa ruwa ƙofa.

Fara da neman inda ruwan yake fitowa. Duba indararo da rufi, ka ga ko an tara ƙasa ko an zuba dandamalin siminti a gindin bangon. Idan akwai tsohon yaɓen siminti, a cire shi da hannu a hankali, a bar bangon ya bushe na watanni, sannan a cike layukan da kwaɓin farar ƙasa, a canja duwatsun da suka ci sosai da tufo irinsu. Idan ka ga tsaga mai faɗaɗa ko bango ya yi ciki, kira injiniya nan take.

Kafin a taɓa fuskar gidan, ku je ofishin magajin gari. Dokar Faransa tana kare kewayen gine-ginen tarihi, galibi har zuwa mita 500, kuma a cikin wannan iyaka sai masanin gine-gine na gwamnati ya duba aikin. Takardun suna da jan rai, na sani, amma ku nemi maginin da ya saba da farar ƙasa ya rubuta bayanin aikin, shi za ku haɗa da takardar neman izini.