Injin markaɗen maƙwabci ya hana mahaifiyata barci: ƙofar wa zan buga a ƙaramar hukuma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani gari da yake hedikwatar ƙaramar hukumarmu. Yau wata bakwai ke nan da maƙwabcinmu ya mayar da zaurensa wurin niƙa da markaɗe, ya kuma girke janareta a lungun da ke jikin ɗakin mahaifiyata. Tun kafin assalatu ake tayar da inji, wani lokaci ba a kashewa sai sha ɗayan dare. Tsohuwa tana fama da hawan jini, barci kuma ya ƙaurace mata. Na yi masa magana sau biyu, ya ce abincinsa yake nema. Na je sakatariya, aka ce shugaba ba ya nan, in dawo. Shin ƙaramar hukuma tana da hurumi a irin wannan, ko wurin 'yan sanda zan nufa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan tsayuwar da ka yi mata.

Ƙaramar hukuma tana da hurumi, sai dai ka buga ƙofar da ba ita ba. Shugaba ba shi ne mai wannan aikin ba, ko da ka same shi zaune a ofis wani wurin zai tura ka. Masu aikin su ne jami'an lafiyar muhalli, waɗanda iyayenmu ke kira duba-gari, aikin da na yi har na ajiye. A wasu jihohin suna ƙarƙashin sashen lafiya a matakin farko, wasu jihohin kuma sun ware musu sashen ruwa da tsaftar muhalli. In ka koma sakatariya, ka ce a nuna maka ofishin shugaban duba-gari. Yawancin mutane sun ɗauka aikinsu ya tsaya ga leƙa randa da kwata da masai, shi ya sa ba a kai musu irin wannan kuka.

Amma kafin ka koma, mai unguwa ya san da maganar? Ban ga ka ambace shi ba, kuma ina tabbatar maka tambayar farko da za a yi maka ke nan, a sakatariya ko a gaban alƙali. A ƙaramin gari kowa ɗan'uwan wani ne. Jami'in da za a turo wataƙila matarsa a wurin mai injin nan take markaɗe. Idan takarda ta faɗo daga sama ba tare da manyan unguwa sun sani ba, sai a ce ka kai maƙwabci ƙara don ka toshe masa hanyar abinci, jama'a su koma bayansa, kai da ke da gaskiya ka zama abin nuni. Idan kuwa mai unguwa da liman da dattawa biyu sun zauna da ku, ya ɗauki alkawari a gabansu sannan ya saɓa, to duk matakin da ka ɗauka daga baya ba mai ganin laifinka. In abin ya fi ƙarfin mai unguwa akwai dagaci, akwai hakimi, kuma wasiƙar da ta fito daga ofishin hakimi ba kasafai take kwana a cikin durowa ba. A jihohin da ke da Hisba, su ma suna zaman sulhu tsakanin maƙwabta.

A wurin zaman, ka kula da abin da za ka roƙa, don a nan mutane da yawa ke yin asarar shari'arsu tun ba a fara ba. Wanda ya ce "a rufe injin" ya nemi abin da kusan ba mai ba shi. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba da ya ce abincinsa yake nema, matan unguwa ma suna amfana da shi. Abin da zai yiwu shi ne a tsayar da lokaci, misali kada a tayar sai rana ta fito, a kashe bayan isha'i, a kuma ɗauke janareta daga jikin bangon Hajiya. Addini ma a nan ya tsaya: hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rantse har sau uku cewa bai yi imani ba wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba. Ba a hana shi sana'a ba, an hana shi ɗora wa wani nauyinta.

Bari in ɗan tsaya a kan gyaran, don sau tari rikicin da aka yi wata shida ana yi, kuɗi kaɗan ke kashe shi. Abin da ke damun Hajiya iri biyu ne. Akwai ƙarar da ke bin iska, akwai kuma rugugin da ke bin ƙasa da bango, wanda mutum ke ji a ƙirjinsa in ya kwanta. Na biyun ya fi hana barci, kuma toshe taga ba ya maganinsa. Maganinsa a raba injin da ginin: a zuba masa dandamalin siminti nasa na kansa wanda bai taɓa bango ba, a shimfiɗa roba mai kauri ko yankakkiyar tsohuwar taya a ƙarƙashin ƙafafunsa, a ɗaure kusoshin da suka saki. Na farkon kuwa, nisa ne babban maganinsa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da inji, ƙarar tana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Janaretan da ke mita ɗaya daga taga, in aka mayar da shi mita takwas, an rage wajen desibel 18, kuma wannan bambanci ne da kunne ke shaidawa nan take. A sa masa salansa mai kyau, a juya bakinta sama, nesa da tagogi, a gina masa ɗan shingen bulo ta ɓangarenku. Kada dai a rufe shi ruf, zai yi zafi ya lalace.

Akwai abin da ya fi ƙarar tayar min da hankali a cikin wasiƙarka: janareta a lungu, jikin ɗakin da tsohuwa ke kwana. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta sha kashe iyali guda cikin barci a ƙasar nan. In Hajiya tana tashi da ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya, kada ka ɗora duka a kan hawan jini. Ka sauya mata ɗaki daga yau, kafin a gama zancen hukuma, ka kuma gaya wa likitanta.

To, in sulhu ya ci tura, sai takarda. Ƙaramar hukuma ba ta motsi da maganar baki. Ka rubuta koke zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun shugaban sashen da duba-gari suke, ka yi kwafi uku. Ka kai ofishin karɓar wasiƙu, ka tsaya a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin, ɗaya kuma ka kai wa kansilan mazaɓarku. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, kuma kada zagi ko tsohuwar gaba ta shiga ciki. Ka faɗi ranar da aka fara, lokacin da ake tayarwa da kashewa, ranar da aka zauna a gaban mai unguwa da abin da aka yanke. Ka yi mako biyu kana rubuta kullum ƙarfe nawa aka kunna, ƙarfe nawa aka kashe, ka haɗa da wannan rubutun. In akwai wasu gidajen da abin ya dama, su sa hannu. Gida ɗaya ana iya cewa rigimar maƙwabta ce, gida biyar kuwa ya zama damuwar jama'a, kuma doka tana bambanta su.

A takardar, kada ka tsaya ga ƙarar injin kaɗai. Ka ambaci hayaƙi, da ruwan markaɗe in yana kwanciya a lungu, da tsagewar bango in akwai. Dalilina shi ne, dokar lafiyar jama'a da jihohinmu suka gada daga tsohuwar Jihar Arewa ta fi ƙarfi a kan abin da ido ke gani: ƙazanta, ruwa mai kwanciya, wurin sana'a da ke cutar da lafiya. Jami'i ya fi samun ƙwarin gwiwar rubuta takarda a kan abin da zai iya nuna wa alƙali da yatsa.

Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne a turo jami'i ya duba. Ka roƙi ya zo lokacin da injin ke aiki, ya shiga ɗakin Hajiya ya tsaya, ya dafa bangon da hannunsa. In ya gamsu akwai cutarwa, zai ba mai injin takardar gargaɗi, wadda ke faɗin abin da zai gyara da wa'adin da aka ba shi. In wa'adi ya cika bai gyara ba, jami'in ne zai kai shi kotu, ba kai ba. Akwai kuma igiya ta biyu a hannun hukuma. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da shaguna da wuraren sayar da abinci da makamantansu, kuma da wuya a ce mai injin ba ya biyan wani kuɗi ana ba shi rasit. Hukumar da ke karɓar kuɗinsa tana da bakin gindaya masa sharaɗi. Wannan magana ce da kansila zai iya ɗauka.

Za ka ji ana cewa ai babu dokar ƙara a Najeriya. Akwai. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ƙara na 2009. Sun raba yini biyu, rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuma daga 10 zuwa 6. A unguwar da zalla gidajen kwana ne, iyaka desibel 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗa da 'yan kasuwanci, 55 da rana, 45 da dare. Don ka gane ma'aunin, hirar mutum biyu a zaure tana kai wa wajen 60, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada ƙarar cikin ɗakin barci ta wuce 30 da dare. Injin niƙa a jikin bango ya yi wa waɗannan lambobi fintinkau. Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatarwa: ofisoshin NESREA a manyan birane suke, kuma a iya zamana a aiki ban taɓa riƙe na'urar awon ƙara mallakar ƙaramar hukuma ba. Jihar Legas tana da hukumar muhalli da ke rufe wuraren shaƙatawa da na ibada a kan ƙara, mu a ƙananan garuruwa ba mu kai nan ba, kuma abin yana ci min rai, don talaka ne ke kwana da ciwon. Duk da haka ka ambaci ƙa'idojin a takardarka. Ka kuma sauke manhajar awon ƙara a waya, ka ɗauki hoton abin da ta nuna da asuba. Awonta ba cikakke ba ne, amma yana sa jami'i ya gyara zama.

Batun 'yan sanda, ban ba ka shawarar farawa da su ba. Damun jama'a laifi ne a kundin hukunta laifuka, kuma suna da amfani a abin da ke faruwa nan take, kamar kiɗan biki da ya kai tsakar dare ko in aka yi maka barazana. Amma matsalar da ke maimaituwa kullum, kama mutum a tsare shi kwana ɗaya ba ya ɗauke janareta daga lungu, sai dai ya dawo da ƙulli a zuci. Na taɓa ganin haka a wata unguwa: an kai mai walda ofishin 'yan sanda, ya dawo ya ƙara awa biyu a kan aikinsa, gidajen biyu suka shekara ba gaisuwa. Abin da ya raba su daga ƙarshe dagaci ne da wani birkila da ya ja katanga.

In sakatariya ta yi shiru, ka ba su mako biyu, ka sake rubutawa kana ambaton ranar da aka buga maka hatimi, ka aika kwafi ga hakimi da ma'aikatar muhalli ta jiha. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, aikinta bin kadin wanda ofishin gwamnati ya yi wa ko-oho, kuma ba a biyan ko kwabo. Kai ma da kanka kana iya shigar da ƙara, a kotun shari'ar Musulunci ko ta majistare, gwargwadon abin da ke garinku. Kotunan ƙasar nan sun daɗe da karɓar irin wannan. A 1970, a shari'ar Abiola da Ijoma, babbar kotun Legas ta ba wani mutum gaskiya a kan maƙwabcinsa da ya tara ɗaruruwan kaji a jikin katangarsu, kukansu da warinsu suka hana shi sakat. Kotu ta sa a biya shi diyya, ta kuma hana a ci gaba.

Ranar da za ku zauna gaban mai unguwa, ka je da birkila ko makanike da ya riga ya duba wurin ya faɗi abin da gyaran zai ci. In da hali, ka ce za ka ɗauki buhun siminti ɗaya a ciki. Abin da aka amince a rubuta shi, da lokacin kunnawa da na kashewa da ranar da za a ɗauke janareta, ku biyu da shaidu ku sa hannu, mai unguwa ya riƙe kwafi, kai ma ka riƙe naka.