Kafin ka hau jirgi, shiga kicin ɗin Innarka

Ɗana, na ga saƙonka. Ina taya ka murnar samun gurbin digiri na biyu a Manchester, Allah ya sanya albarka. Ka tambaye ni rigar sanyi da layin waya da inda ake samun aiki, sannan a ƙarshe ka ce maganar abinci ba ta dame ka ba tunda Gwaggo tana gari. Wannan ta ƙarshen ita zan amsa. Sauran duk za ka ji su a bakin abokan karatunka kafin ka yi sati.

Ba kai ne farau ba. Duk shekara da Satumba ta kama sai a ba wani yaro lambata daga gida, a ce ga ɗan wane nan zuwa, amana. Su zo ranar Asabar duk sun faɗa, ido ya zurma. Ni kuma na kwana a tsaye wurin aiki, ƙafata a kumbure, haka zan ɗora tukunya in tuƙa tuwo. Su ci su ƙoshi, a zuba musu a roba su tafi da shi, babu wanda zai ce Gwaggo kawo in wanke kwanon. Akwai wanda ya taɓa tashina daga barci da waya yana tambayar ko akwai ragowar miya. Ciyarwar ba ta dame ni ba, lada nake nema. Abin da ke ƙona min rai shi ne ƙato mai gemu, mai digiri, a ce bai san yadda ake dafa shinkafa ba, kuma iyayensa sun sa shi a jirgi a haka ba su ga komai ba.

Ka san inda za ka zo. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a sati lokacin karatu, kuma kuɗin haya ne zai lashe yawancin abin da ka samu. Cin abinci sau ɗaya a waje zai ci maka kusan fam 10. Ka buga shi da naira, ka ninka sau biyu a rana, ka ga ko Yaya, wato Babanka, zai iya. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ga ruwa ga iska, ka dawo ɗaki babu mai ce maka ga abincinka nan a rufe. Na kuma ji Innarka tana cewa in ya so a yi maka aure ka taho da matar. Tun Janairun 2024 aka hana masu irin karatunka zuwa da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ko da ma an yarda, 'yar mutane ba kuku ba ce.

Kar ka kawo min zancen kunya, wai namiji a kicin. Mai shayin bakin layinku namiji ne, mai tsire namiji ne. Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) yana cikin hidimar iyalinsa idan yana gida. Wane ne kai?

Daga gobe ka shiga kicin, kuma ba kallo za ka je yi ba. Ka ce wa Innarka ta zauna a kujera, kai ka riƙe wuƙa da ludayi. Bidiyon intanet ba zai gaya maka ƙamshin albasar da ta kusa ƙonewa ba, ita za ta gaya maka. Da hannu take auna komai, don haka duk abin da ta ɗebo ka sa ta juye a kofi ko cokali ka gani, ka rubuta a littafi.

Ka fara da jar miya, ita ce uwar girki. Tumatir, tattasai, attarugu, albasa, a markaɗa. A tafasa markaɗen har ruwan ya tsotse, sannan a soya a mai da yankakkiyar albasa. Nan ne 'yan koyo ke faɗuwa, gaggawa suke yi. Sai ka rage wuta, kana juyawa, har tsamin tumatir ya mutu, man ya taso sama. Romon nama da dunƙule da gishiri daga baya, kaɗan kaɗan, kana ɗanɗanawa, don gishiri ana ƙara shi ne, ba a cire shi. Idan ka iya wannan miyar ka iya rabin abincinka: da shinkafa, da taliya, da doya, da burodi. Ita ce tushen dafa-duka, ita ce idan ka zuba alayyafo ta zama miyar ganye. A nan tumatirin gwangwani muke amfani da shi, yana da araha a kantunan Aldi da Lidl, amma ya fi namu tsami, yana son suya mai tsawo.

Sai shinkafa. Ka wanke, kofi 1 na shinkafa kofi 2 na ruwa, ta tafasa, ka rage wuta ka rufe, ka bar ta. Ba a juya ta kamar kunu. Basmati da za ka fi samu a nan ba ta son ruwa da yawa haka. Sai wake: ka jiƙa shi tun dare, ka koyi garau-garau da mai da yaji, shi zai riƙe ka ƙarshen wata. Indomie da ƙwai ban ƙirga su cikin girki ba, na ga yadda suke mayar da yara.

Tuwo ka bar shi ƙarshe, amma kar ka taho ba ka iya ba. Ranar da kewar gida ta kama ka babu abin da zai kwantar da ita sai shi. Ka koyi talge da tuƙi da kwasa, ka koyi kaɗa kuka, ana barbaɗawa ana burgawa don kada ta yi gudaji. Ni a garin nan da garin shinkafa na shagunan Indiyawa nake tuwo, da man gyaɗar shafa burodi marar sukari da kabewarsu nake miyar taushe, kuma duk wanda ya ci sai ya tambaya ko daga Kano aka aiko. Babu wanda ya nuna min wannan, ni na yi ta gwadawa har ya zauna, kuma ina alfahari da shi.

Kayan da za ka ɗauko: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kanwa, muciya da maburgi. Daddawar a ɗaure ta da kyau, in ba haka ba duk tufafinka sun ɗauka. Kilishi da dambun nama da man shanu ka bar su a gida. Dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Naman halal ba wuya yake ba, mahauta Musulmi sun cika unguwannin Cheetham Hill da Longsight da Rusholme. Manja da doya da attarugu ma akwai a shagunan 'yan Afirka, sai dai tsada.

Kicin ɗin da za ka samu na haɗaka ne, da mutanen da ke soya naman alade. Ka sayi tukunyarka da kaskonka da sosonka, ka ajiye a wurinka, kuma kada ka wulaƙanta kowa a kan abincinsa. Ka wanke abin da ka ɓata nan take, faɗan gidajen ɗalibai yawanci daga nan yake tashi. Murhun lantarki yana nan da zafinsa bayan ka kashe. Kada ka ƙona manja har ya yi hayaƙi kamar yadda ake yi a gida, ƙararrawar gobara za ta tashi a fito da mutanen bene gaba ɗaya cikin sanyi. Idan mai ya kama da wuta, kashe murhu ka rufe tukunyar da murfi. Kada ka kuskura ka watsa ruwa.

Girki sau ɗaya ko biyu a sati ya ishe ka. Ka yi miya babbar tukunya ranar hutu, ka raba a ƙananan robobi ka sa a firiza. Dafaffiyar shinkafa kuwa ba a barin ta ta kwana a waje, ta huce ka sa a firji, ka cinye washegari bayan ka ɗumama ta ta yi zafi sosai.

Gidana naka ne, ranar Sallah da ranar da ba ka da lafiya ni ce uwarka a garin nan. Amma ba zan riƙa dafa maka abincin sati ba, kuma zan faɗa wa Yaya haka da bakina. Ka gaishe shi, ka gaishe da Innarka, ka ce mata ina jiran ta kira ni ta gaya min yadda miyarka ta farko ta yi.