Amsa ga ƙaninmu da zai bi ayari zuwa Misra

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce kai ne ƙarami a ayarin da zai tashi daga Katsina, kana tambaya ko ka biya kuɗin ranar zaga Alƙahira ko ka yi zamanka a otal. Wallahi ina ganin "ni ne ƙarami" tausayinka ya kama ni. Ka biya, ka je. Amma ka sa a ranka yaron Alhazai za ka zama. Jakar Hajiya a kafaɗarka, wayar Alhaji a hannunka, "yaro ɗauke ni nan, sake, ban fito ba." Sa'o'in babanka ne, ina bakin musu?

Mu bayan asuba aka kwashe mu, don cunkoson garin ba ya jiran kowa. Giza aka fara, inda dalolin Fir'aunoni suke. Dalar Khufu ta yi wajen shekara 4,500, tsayinta na asali ya kai mita 146, hoto ba ya nuna girman nan, sai ka tsaya gindinta. Shiga ciki tikitinsa daban, a duƙe ake hawa, abin da ke ɗakin kuwa akwatin dutse ne babu komai a ciki. Mai ciwon gwiwa kada ya soma. In kai ɗalibi ne ka riƙe katinka na ɗalibai na ƙasa da ƙasa, ana rage kuɗin shiga.

Can jagoranmu ya yi mani abin da har yau ban huce ba. Ba Bamisire ba ne fa, ɗan garinmu ne, wanda muka ba kuɗinmu hannu da hannu. Lokacin tafiya ya yi, ya ce wani dattijo bai dawo ba, in ruga wajen Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, in nemo shi. Na gangara cikin ranar nan irin ta Afrilu a Katsina, babu inuwa, rairayi ya cika mani takalmi, ina leƙa fuskar duk mai jar dara. Ashe dattijon yana kujerar baya yana barci. Jagora ya ƙirga kawuna, ya ga tsofaffinsa sun cika, ya ce direba ya ja. Na dawo babu mota. Fasfona yana jakar jagoran, layina na gida ba ya aiki, sunan otal ma shi kaɗai ya riƙe, bai taɓa ba mu kati ba. Larabcin Islamiyya na ɗauko, mutanen nan suna furta harafin jim kamar "ga", ba na gane su, su kuma suna murmushi. Na zauna kan dutse, ƙato da ni, hawaye na zuba. Wani mai sayar da ruwa ne ya ara mani waya, Allah Ya saka mashi, na kira yayata a gida, ita ta nemo lambar wata Hajiya a motar. Da suka dawo, ka san abin da mutumin nan ya ce? Wai na ɓata masu lokaci. A gaban kowa. Ko sannu. Kuma lokacin da yake ta kuka a kai, shagon turare ya kai mu muka ƙarar da shi, inda yake da kamasho. Mun fi daɗewa muna shinshina kwalabe da ganin dala. Har yau in muka haɗu wurin ɗaurin aure sai ya miƙo hannu kamar ba shi ba.

Saboda haka ka karɓi katin otal, ka sayi layin can tun a filin jirgi, hoton fasfonka ya kasance a jikinka. In an aike ka, ka faɗa wa direba da bakinka. Mai raƙumi kuma ku gama ciniki har da na sauka kafin ka hau. Wanda ya ɗora maka rawani ya ce hadiyya, cire ka miƙa mashi, "la, shukran", ka wuce.

Tsofaffin za su ce sai sun ga gawar Fir'auna. Tun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakunan daga gidan tarihi na Tahrir zuwa na Fusɗaɗ, kada a kai ku Tahrir a ce babu. Ramsis na biyu da ɗansa Marnafta duk suna can, wasu su ce wannan ne na Annabi Musa, wasu su ce wancan. Ba a hoto a ɗakin, ka ga ka huta da wayar Alhaji. Masallacin Amru bin Asi, na farko a Misra, yana nan kusa, ku matsa a tsaya.

Azhar da masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili wuri ɗaya suke, mu sai dab da magariba muka isa, kowa ya galabaita. Ka ci koshari, shinkafa ce da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake), tana riƙe ciki.

Ka turo mani sunan mai kai ku ta akwati, ba a nan ba. In shi ne, akwai sauran magana.