Supa gulu da gilashin matuƙi ba su kwana ɗaki ɗaya

Kai yaro, na saurari saƙon muryar da ka aje mini jiya da dare. Ka ce kwalin ɗan jirgin yaƙin nan na roba da ake haɗawa, na ma'aunin 1/48, wato kashi ɗaya cikin 48 na girman jirgin gaske, ya iso daga Kano, kana son ka ƙara mishi bel ɗin kujera da wayoyin birki da eriya, kuma kana tambaya ko kwalbar supa gulu guda ta ishe ka aikin duka, har da gilashin matuƙi. Da ka tsaya ga bel da eriya, da na bari sai mun haɗu a shago. Gilashin da ka ambata ne ya zaunar da ni rubutu, don wanga gam ya taɓa cinye wa shagon nan jaka 130 na sefa, kuma har yau in aka tuna mini sai abinci ya fita raina.

Wani ɗan kasuwa ne a nan Maradi ya kawo kwalin jirgin C-130 na kamfanin Italeri, ma'aunin 1/72, irin jirgin dakon da sojojinmu ke da shi. Fiffiken jirgin gaske ya ɗan haura mita 40, ka ga a kan tebur santimita 56 ke nan, ba abin wasan yara ba. Yana son ya aje shi ofis. Aka yi ciniki jaka 150, ya ba da 20 kafin alƙalami. Mako bakwai ana kansa. Cikin jirgin an jera kujerun sojoji na jan ƙyalle, an bi rufi da wayoyi, an huda bututun hayaƙi na injina huɗu ɗaya bayan ɗaya. Saura tagogi. Ƙananan tagogin gefe ta ciki ake sa su, kafin a haɗe ɓari biyu na gangar jirgin. Yaron da ke shago a lokacin an ce mishi ya bar su sai gobe. Shi kuwa ya ga farin gam na da jinkirin kamawa, ya ɗauko supa gulu ya bi tagogin duka, ya haɗe gangar da gam mai narka roba, ya ɗora gilashin goshi, sannan don ya nuna hankali ya kife aikin da kwali wai kada ƙurar hunturu ta hau.

Da safe da aka ɗaga kwalin, kowace taga ta yi fari fat ta ciki, kamar an busa mata garin rogo. A gilashin goshi har zanen babban yatsansa ya fito sarai.

Ka san dalili, don kada ka ɗauka tsautsayi ne. Supa gulu da laimar iska yake daskarewa. Lokacin hunturu iskar garin nan ba ta da laima, sai ya daɗe bai kama ba, yana ta fitar da tururi. Tururin nan yana neman inda akwai maiƙon hannu ko ɗan danshi ya zauna ya zama farar hoda. A kan robar da za a yi wa fenti ba wanda zai gani, a kan gilashi kuwa ya kashe aiki. Kwalin da ya kife shi ne ya tsare tururin dare guda cur.

Kwana tara aka yi ana ceto. Tagogin gefe sai da aka tura su ciki da tsinke, aka girgiza jirgin suka faɗo ta ƙofar baya, aka cike kowane rami da farin gam da bakin tsinken sakace, ya bushe ya zama garau. Wannan dabara ƙananan ramuka kaɗai take yi wa aiki, waɗanda ba su wuce milimita huɗu ko biyar ba. Gilashin goshi aka ɓamɓare da reza, aka goge cikinsa da samfefa lamba 2000 da ruwa, aka bi da man goge baki a kan auduga, aka shafa banish mai sheƙi. Ya dawo, amma robar gilashi ta fi sauran gautsi, sai ta tsage a kusurwa, tsagar ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Mutumin ya zo da abokinsa, bai dubi injina ba, bai leƙa ciki ba, ya ɗora yatsa daidai kan tsagar yana girgiza kai. Ya ce bari ya kai wa yayansa ya gani, in ya amince a kawo cikon kuɗi. Ranar nan aka yi wa jirgin ganin ƙarshe. An aika, an je, an haɗa shi da dattawan unguwa, kullum maganarsa aikin na da aibi. Jirgin mai aibi yana nan kan teburin ofis ɗinsa, masu shiga suna ba ni labari, kuma abin da ya fi ci mini rai, cewa yake daga Dubai ya sayo shi.

To amsar tambayarka: a'a. Gam uku za ka aje. Mai narka roba, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, na roba da roba ne kawai, ba ya riƙe ƙarfe. Farin gam na kafintoci shi ne na gilashi, ɗigo uku ko huɗu a gefen firam, abin da ya ɓullo ka share da jiƙaƙƙiyar auduga. Supa gulu na waya ne da tagulla, irin siraran gutsattsarin nan na kamfanin Eduard in ka samu. Kada ka kai bakin kwalba jikin jirgi. Ɗiga shi a murfin kwalbar lemo, ɗebo da bakin allura, taɓa wurin, ka hura mishi numfashi ya kama da wuri. Duk abin da ka liƙa da shi cikin mazaunin matuƙi ka bar shi a buɗe kwana ɗaya kafin gilashi ya matso kusa.

Yanke gutsattsari daga firam ɗin robar da suke zuwa a jikinsa da goge bakinsu ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda bai iya wannan ba ya koma motar kara.

Abin da ke kashe ku ƴan yanzu shi ne kauri. Kuna kallon bidiyon daƙiƙa talatin a salula, mutum ya liƙa waya goma, ku ma ku kwaso wayar wuta ku cusa. Ɗauki biro ka yi lissafi. A 1/48, milimita ɗaya a hannunka kusan santimita biyar ne a jirgin gaske. Bututun birki mai kaurin santimita ɗaya ya zama milimita 0.2. In ka sa wayar rabin milimita, ka ɗaura wa ƙafar jirgi tiyon ban-ruwa. Fere tsohuwar wayar caja, silin jan ƙarfen da ke ciki shi ne daidai. Ka miƙe shi ta murza shi tsakanin gilashi da bayan rula, ka huda ƙaramin rami a saman ƙafar da wani kusa da taya, ka soke bakin biyu, don wayar da aka manna kawai a fili ranar da buroshi ya taɓa ta za ta tafi. Waya biyu a kowace ƙafa sun isa, kuma ka dubi hoton jirgin gaske tukuna, kada ka ƙirƙiro mishi jijiyar da ba shi da ita.

Bel ɗin kujera faɗinsa wajen santimita biyar ne, wato milimita ɗaya a naka. Manna tef ɗin takarda na masu fentin mota a kan gilashi, yi mishi fenti a nan, yanka da sabuwar reza da rular ƙarfe. Takardar azurfa ta murfin gwangwanin madara ta fi shi kwanciya, tana riƙe lanƙwasa kamar ƙyalle. Ƙarfen bel kuwa sili ɗaya ka naɗe a bakin matsefata ka matse ya yi kusurwa huɗu. Kada ka shimfiɗa bel biyu a miƙe kamar layin dogo, bar ɗaya ya zubo gefen kujera. Allon agogunan matuƙi baƙi, sai ka shafi toka-toka da buroshin da ka goge a takarda har ya kusa bushewa, ka bi sama-sama, ka ɗiga banish mai sheƙi a idon kowane agogo. Abin da ke ƙasan allon, inda ba ido ke kaiwa, ka bar shi. Ba mai biyan ka kuɗin abin da bai gani ba, wanda ya gani ma ka ji yadda aka ƙare.

Eriya daga firam ɗin da kuke zubarwa take fita. Yanko miƙaƙƙen sanda santimita goma, riƙe shi yatsa biyu sama da harshen kyandir kana juyawa. In ya yi sheƙi ya soma lanƙwashewa, janye daga wuta, ja hannu biyu a hankali ba tsayawa. Ja da sauri ya ba ka siriri kamar gashi, ja a hankali ya ba ka mai kauri. Goma na farko za su tsinke, ba komai. In ka liƙa ya yi sako-sako, kunna turaren tsinke ka wuce da shi ta ƙasa, nesa kaɗan, zai miƙe da kansa. Ka matsa kusa ya narke. Wannan shi ne aikin ƙarshe a jirgi, bayan fenti da komai.

Bakin bindiga da bututun hayaƙi, soma da allura ka yi ɗigo a tsakiya, sannan abin huji na hannu mai milimita 0.3, sannan 0.5. Wanda ya tsallake allura bakin hujin zai zame ya fasa gefe.

Layukan jikin jirgi da samfefa ta cinye a wurin haɗi sai an maido su. Manna tef mai kauri ya zama maka rula, bi da allura sau uku ko huɗu ba dannawa, share da samfefa 1000, ka ɗan taɓa gam mai narka roba a layin ya kwantar da gashin. Don su fito bayan fenti, banish mai sheƙi na ruwa tukuna, kwana ɗaya. Tambarin da ake jiƙawa ma a kan wannan sheƙin ake sa su, in ba haka ba iska ta maƙale ƙarƙashinsu su yi fari. Sannan fentin mai, ruwan ƙasa da ɗan baƙi, kashi ɗaya na fenti a kashi goma na farin tina na masu zane, ka taɓa layi ya gudu da kansa. Bayan minti ashirin ka share da auduga daga goshi zuwa wutsiya. Baƙi zalla kada ka sa, jirgi ne ba taswira ba. Kuma na san halinku: asansi na kwalba da tinar masu fentin mota duk suna cin robar nan, ko da wasa kada su shigo shago.

Ka dubi ƙafafun jirgin naka. In mai taya a goshi ne, ka cusa ƙwallayen boris na keke a hanci da gam mai haɗi biyu kafin ka rufe gangar, ka gwada shi a kan fensir a daidai tayoyin baya ka ga hanci ya rinjaya. In ka manta zai zauna kan wutsiya kamar akuya mai roƙo, kuma ba ƙofar gyara.

Fenti da sassafe, bayan ka yayyafa wa ƙasa ruwa. Zafin watan huɗu yana busar da fentin ruwa tun kafin ya kwanta, ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Kada ka bar kwalin ƙarƙashin kwano da rana, fiffike na murɗewa.

Gobe bayan azahar ka biya wurin kafintoci ka ɗebo farin gam na dala ashirin a ƴar roba, ka zo da kwalin duka. Gilashin matuƙi ka bar shi cikin ledarsa, ban yarda yatsanka ya taɓa shi ba sai ina tsaye.