Karo na farko zan baje kolin zanena, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kano, shekara biyu ke nan da na gama karatun zane. Ina da aiki kusan 40 jingine a ɗakina, wasu na fentin mai, wasu na gawayi, kuma yawancinsu a kan marinar Ƙofar Mata ne da tsofaffin gine-ginen cikin gari. Wani mai otal ya ce zai ba ni zaurensa na mako guda in baje su, idan an saya ya cire kasonsa. Duka zan kai? Kuma yaya ake sa farashi? Ina jin nauyin maganar kuɗi da shi, don sa'an mahaifina ne.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Na yi maka murna, kuma zan fara da abin da ka ajiye a ƙarshe, domin shi ya fi damuna.

Wannan nauyin da kake ji, ni ma na ji shi, kuma na biya kuɗinsa. Ina matashi na kai zane tara wani wurin saukar baƙi, aka karɓa da fara'a, aka ce in dawo bayan wata biyu. Da na koma, bakwai na tarar. Wanda ya karɓa ya bar aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san adadin da aka kawo ba, ni kuma ba ni da ko guntun takarda. Har yau ina tuna ɗaya daga cikin biyun nan, wata tsohuwa ce mai kaɗi, na yi wata uku a kan hannayenta kaɗai. Ko hotonsa ban ɗauka ba.

Saboda haka kafin ka ɗaga firam ko ɗaya daga ɗakinka, ku zauna da Alhajin ku rubuta. Shafi guda ya isa. A sa sunan kowane zane da girmansa da farashinsa, kason da zai cire, ranar da zai ba ka kuɗinka bayan an saya, da wanda zai ɗauki asara idan gilashi ya fashe ko aiki ya ɓace. Ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ba sai ka ce ba ka yarda da shi ba. Ka ce masa, "Baba, na rubuto ne don kada yaran wurin su ruɗe." Dattijo ɗan kasuwa ya san darajar rasit, kuma sau da yawa nan ne zai fara ganinka da ƙima.

Kada ka kai 40. Ka zaɓi 12, in ya yi yawa 15, waɗanda ke magana a kan abu guda. Da ni ne, na marina kaɗai zan ɗauka, in bar gine-ginen zuwa wani karon. Mai kallo da ya shigo ya ga rami bayan rami, shuɗin baba yana ƙara duhu daga wannan bango zuwa wancan, hannun marini ya rine har gwiwar hannu, zai fita ya san wane ne kai. Idan ka cika masa ido da komai, zai ce "Masha Allah" ya wuce. Ka kira malaminka na makaranta ya taya ka zaɓe, don wanda ka fi so ba lallai ne shi ya fi kyau ba.

Batun farashi, ka fara daga abin da ka kashe: kyallen zane, fenti, firam, kuɗin ɗan sahu ko mota, sannan kwanakin da ka yi. Masu gidajen baje zane kan ɗauki tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, don haka ka lissafa da wannan tun farko. Idan naira 70,000 kake so ta shigo aljihunka, shi kuma yana cire kashi 30, to 100,000 za ka rubuta. Masu girma ɗaya da kayan aiki ɗaya su kasance kusan kuɗi ɗaya. Kuma ina roƙonka, idan wani ya ja ka gefe ya ce ka bari a tashi ya saya a gida da rahusa, kada ka yarda. Maganar za ta koma kunnen mai zauren, kuma wanda ya saya da cikakken kuɗi zai ji an cuce shi.

Ka sa hannu da shekara a kowane aiki. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Tukwanen da ta yi a can suna ɗauke da hatimin LK, kuma da shi masu saye a Ingila da Amurka ke gane aikinta har gobe. Kai ma ka rubuta a bayan kyallen: sunanka, sunan zanen, shekara, da irin fentin. Sannan ka ɗauki hoton kowanne da safe a inuwa, wayar tana daidai tsakiyarsa, ba tare da filasha ba. Ka san kuma cewa sayar da zane ba sayar da haƙƙin mallakarsa ba ne. A dokar Najeriya sai da rubutacciyar yarjejeniya haƙƙin yake komawa hannun wani, don haka wanda ya saya ba shi da ikon buga shi a kalanda ya sayar.

Ranar ratayewa ka je da awo da ƙusoshinka. Tsakiyar zane ta kasance kamar santimita 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Na gawayi sai da gilashi, amma ka duba kada su fuskanci taga, in ba haka ba mutum fuskarsa zai riƙa gani. Idan lokacin hunturu ne, ka ajiye tsumma mai laushi ka share firam kowace safiya.

Za a tambaye ka, "Me wannan ke nufi?" Ka shirya jimla uku da Hausa, uku da Turanci, ka maimaita su ga ƙanwarka har su zauna a bakinka. Kada ka haddace manyan kalmomi. Ka faɗi ranar da ka je Ƙofar Mata, da abin da ka gani ya tsayar da kai. Ka ajiye littafi a bakin ƙofa mutane su rubuta suna da lambar waya, don wanda bai saya yau ba shi za ka fara gayyata a karo na biyu.

Idan an tashi, ka haɗa hotunan nan goma sha biyu da taƙaitaccen tarihinka a fayil guda. Da shi za ka nemi shiga gasar matasan masu zane ta LIMCAF da ake yi a Enugu duk shekara, ko ka tura wa gidajen baje zane na Abuja da Legas. Ka rubuto mini ranar buɗewa idan kun tsayar, in Allah ya yarda zan zo in gani.