Shin taswirar kwamfuta za ta raba mana gardamar kududdufi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A unguwarmu da ke Ɗorayi akwai tsohon kududdufi da shara ta fara cinyewa. Wasu na so a cike shi a gina Islamiyya, 'yan kasuwa na son rumfuna, dattawa kuma sun ce a bar wa ruwa wurinsa. An ce akwai manhajar taswira da ke yanke irin wannan hukunci. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Manhajojin suna nan, GIS ake ce musu, sai dai hukuncin yana hannunku. Aikinsu shi ne ɗora bayanai kan juna a taswira guda: hoton tauraron ɗan Adam a ƙasa, sannan tudu da kwari, magudanan ruwa, lunguna da gidaje. Ɗaya daga cikin manhajojin, QGIS, kyauta ce. Google Earth na kwamfuta kuma yana ajiye hotunan shekarun baya, za ku ga inda bakin ruwan yake a da da inda gine-gine suka matse shi yanzu.

Abin da tauraro ba ya gani, ku ne za ku saka. Ku ba samari waya mai KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, su bi gida-gida bayan ruwan Agusta, su yi alama duk inda ruwa ya shiga, da inda ya tsaya, idon sawu ko gwiwa. A buga taswirar a babbar takarda, a shimfiɗa ta a ƙofar gidan mai unguwa. A kuma shigar da ita cikin gidaje, domin matan da ba sa zuwa taron zaure su ne ke kwalfar ruwan da tsakar dare.

Inda ake yin wayo shi ne wajen rabon maki. Manhajar za ta nemi ku faɗi nauyin kowane abu. In aka ba ambaliya maki 50, kusanci da titi 20, za ta nuna a bar kududdufin. In aka juya, sai rumfuna su ci. Don haka ku daidaita kan makin a bainar jama'a tun kafin kowa ya ga sakamako, kada mai riƙe da kwamfutar ya tsara shi kaɗai.

Ni dai na fi karkata ga dattawa. Yawancin kududdufan Kano ramukan haƙar ƙasar gini ne da suka zama matattarar ruwan sama, kuma wanda aka cike ba tare da magudana ba, cikin gidajen maƙwabta ruwansa ke komawa.

Kada ku shata iyaka da GPS na waya, yakan kauce da mitoci, wannan aikin safiyo ne. Taswirarku kuma ba takardar mallaka ba ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, saboda haka ku fara zuwa KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, ku bincika ko an riga an ba wani wurin. Izinin gini kuwa a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ake nemansa.